Fadamar Lekki da Yaran da Ba a Kaiwa

Wanda ya bi babban titin da ya tashi daga Lekki zuwa Epe a Legas zai yi tafiya mai nisa bai ga komai ba sai katanga, allunan talla, gidajen mai da rukunin gidaje masu ƙofar ƙarfe. Wajen kilomita na 19 akwai wata ƙofa da ba ta fi sauran ɗaukar ido ba, amma abin da ke bayanta ya sha bamban da duk abin da ke kewaye: hekta 78 na daji da fadama, fili da ya ɗara filin ƙwallo ɗari, wanda ba a cike shi da yashi ba, ba a zuba masa siminti ba. Nan ne Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron. Makarantun firamare na kai yaransu wurin, musamman in zangon karatu ya zo ƙarshe. Ina goyon bayan wannan zuwa ƙwarai. Damuwata ita ce yaran da ake kaiwa ba a tsayawa a nuna musu fadamar, yaran da suka fi kowa buƙatar ganinta kuma ba a kai su.

Duk malamin da zai kai yara can ya riƙe wannan shekara ta 1990, domin ba cibiyar kaɗai aka samu a cikinta ba. A shekarar ce aka kammala gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda ta ratsa saman tafkin Legas. A watan Yulinta ne kuma gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke bakin shiga Lekki, aka tashi mutane kimanin 300,000 da tsakiyar damina, filin ya koma hannun masu gina manyan gidaje. Daga nan gari ya yi ta gangarawa gabas. Lekki a asalinta siririyar ƙasa ce ta yashi da fadama, tekun Atlantika ta kudu, tafki ta arewa, da ƙauyukan masunta da itatuwan kwakwa jefi-jefi. Yau an jera mata rukunin gidaje, an buɗe tashar manyan jiragen ruwa da matatar man Dangote a 2023, a 2024 kuma aka fara shimfiɗa titin gaɓar teku da aka ce zai kai har Kalaba. Kusan duk inda aka yi gini hanya ɗaya aka bi: a sare daji, a haƙo yashi daga ƙasan ruwa, a cike fadama, a ɗora bulo. Waɗanda suka killace hekta 78 ɗin nan sun hango haka tun gari bai iso ba, shi ya sa wurin ya zama shaidar yadda ƙasar take kafin a taɓa ta.

Mutumin Arewa ba baƙon fadama ba ne. Ya san ta da shinkafa da rake da lambun rani. Amma akwai aikin da fadama ke yi ko ba a shuka mata komai ba, kuma a Legas wannan aikin ya fi kowanne. Ruwan saman da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, da kaɗan ta ɗara teku tudu. In aka tafka ruwa, fadama ce ke karɓarsa, ta riƙe shi kwana da kwanaki, ta riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa tafki da ƙarƙashin ƙasa. In aka cike ta aka shafe da siminti, ruwa ba zai fasa sauka ba, sai dai ya nemi wani wurin zama, kuma gidan da ya fi kowanne gangare shi yake samu. Mutanen Lekki da tsibirin Biktoriya sun ga haka a watan Yulin 2017, lokacin da ruwa ya shanye motoci a kan titi ya shiga ɗakunan kwana, sun kuma sake gani a Yulin 2024. Yaron da ke naɗe wando ya ratsa ruwa zuwa makaranta duk watan Yuni ya san ambaliya sarai. In ka tambaye shi dalili zai ce ruwa ya yi yawa bana, ko kwata ta toshe da leda, kuma duka gaskiya ne. Abin da ba wanda ya taɓa nuna masa shi ne inda ruwan nan yake kwana a da, da yadda aka yi ya rasa wurin. Wannan darasi yana nan a ƙarƙashin hanyar katakon da aka shimfiɗa a saman fadamar Lekki, ɗan aji biyar kuma zai gane shi cikin rabin sa'a in aka tsaya da shi a kai.

Ba a tsayawa. Tun da aka buɗe gadar sama a 2015, mai tsawon mita 401, wadda ke lilo tsakanin hasumiyoyin ƙarfe a saman bishiyoyi, sunan wurin ya koma nata. Ita ake gani a hotunan Instagram, ita ake yi wa yara albishir da ita a makaranta. Ba ni da ƙorafi a kan gadar, ta jawo masu yawon buɗe ido, kuɗin shigarsu kuma na taimakawa wajen riƙe wurin. Sai dai ƙa'ida ba ta barin ƙananan yara su hau ta, kuma daidai ne. Ke nan tawagar firamare na isowa da ɗokin abin da ba za ta samu ba. Sai a kora su a kan hanyar katako da sauri-sauri, a fito filin wasanni na can ciki, a ci shinkafa, a yi guje-guje, a ɗauki hoton da za a tura wa iyaye ta WhatsApp, a koma mota. Iyaye sun biya kuɗin mota da na riga da na abinci, yaro ya ji daɗi, ba laifi. Amma da filin wasan unguwa aka kai shi, da abin da zai koyo bai ragu da komai ba.

Wata rana ina tsaye a kan wannan hanyar katako tawagar wata makaranta ta zo wucewa, yara cikin riguna iri ɗaya, malama a gaba, malami a baya. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba ta dafa katakon gefe ta leƙa ƙasa. Ruwan wurin tsayayye ne, launinsa kamar shayin da ba a zuba wa madara ba, ganyaye sun rufe rabinsa, gindin bishiyoyi na tsaye a ciki. Ta ce, "Anti, me ya sa ruwan ya yi baƙi? Kwata ce?" Malamar ta ce ta wuce, tana tare hanya. Allah ya sa ma'aikacin wurin da ke yi musu jagora ya ji. Ya dawo baya ya tsuguna kusa da ita, ya nuna mata ganyen da ke faɗowa, ya ce shekara da shekaru ganye ke zuba a ruwan yana jiƙa yana ruɓewa, shi ke rina shi, ba ƙazantar kowa ba ce. Ya ce ta shinshina. Ta shinshina, ta ce ƙamshin ƙasa take ji. Ya ce to ta zuba ido wuri ɗaya, kada ta motsa. Ba a jima ba ta ga 'yan ƙananan kifaye na gilmawa ta ƙarƙashin ganye, da wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu yana tafiya a saman ruwa bai nutse ba. Kafin a ankara wasu yaran sun dawo sun tsuguna tare da ita.

Duk baƙin ruwan da yarinyar nan ta taɓa gani na kwata ne, mai wari, mai leda. Cikin 'yan mintoci ta gane akwai ruwan da ke tsaye amma yana cike da rai, kuma abin da ya raba shi da na bayan gidansu shi ne abin da mutane ke zubawa. Ban ga laifin malamar sosai ba. An danƙa mata yara masu yawa, an ce ƙarfe kaza mota za ta tashi don kada cunkoson titin Lekki ya ritsa da su, kuma da alama ita kanta ba wanda ya taɓa tsayawa da ita a bakin fadama. Malamin da zai jagoranci irin wannan fita ya kamata ya riga yaran zuwa, ya zagaya da ma'aikatan wurin, ya zaɓi wurare uku ko huɗu da zai tsaya, ya san abin da zai tambayi yara a kowanne. A kuma raba su ƙungiya-ƙungiya, kada kowace ta wuce goma, domin yara hamsin a jere a kan siririyar hanya ba abin da za su gani sai ƙeyar juna, tsuntsu kuwa tun daga nesa ya ji su ya tashi.

Birai ne ba sa gudu, kuma su yara suka fi tunawa. Irin da ke wurin ana kiransa mona: bayansa ja-ja mai duhu, ƙirji da ciki fari fat, fuskarsa shuɗi-shuɗi da baƙin layi daga ido zuwa kunne, da farin tabo biyu a gindin wutsiya. Yana da jaka a cikin kumatu inda yake cusa abinci ya gudu da shi ya ci a natse a kan reshe, yaron da ya kula zai ga kumatun na kumbura. Sun saba da mutane har abin ya wuce gona da iri. In yaro ya riƙe biskit a hannu, biri zai diro ya fizge. Yara su yi ihu, a yi dariya, a wuce, alhali nan ma akwai abin tambaya. Me ya sa dabbar daji ke bin ledar biskit? Domin baƙi ne suka koya mata, kuma dajin nata a katanga ya ƙare, bayan katangar titi ne da gidaje. Akwai kuma labarin da ɗan aji shida zai riƙe har girmansa: wannan biri na Afirka ta Yamma yana nan yau a tsibirin Girenada, can ƙetaren Atlantika, inda jiragen cinikin bayi suka kai kakanninsa. Ban da birai akwai kada da tsari da kurege, da mazo wanda ba kasafai yake fitowa ba, da kunkuru da dawisu. Akwai tukurwa tsaye cikin ruwa, wadda kakannin yaran da dama suka san gwangwalarta a rufin ɗaki da gado, jikokin kuwa ba su taɓa ganin bishiyar ba.

Duk wannan ga waɗanda suka sami zuwa ke nan. Duba motocin da ke jere a ƙofar cibiyar ranar da makarantu suka zo, za ka ga galibinsu na makarantun kuɗi ne. Yaran makarantun gwamnati da na Islamiyya na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora da Alaba Rago ba kasafai ake ganinsu ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Hausawa ba jiya suka zo Legas ba. Cinikin goro da layin dogo suka zaunar da su a Agege tun farkon ƙarnin da ya wuce, akwai gidajen da jika da tattaɓa-kunne duk a can aka yanke musu cibiya. Yaran nan 'yan Legas ne, da Yarbanci a bakinsu, wasu unguwannin nasu kuma, irin su Ijora da gefen Mile 12 inda kogin Ogun ke tumbatsa, ruwa na wahalar da su kusan duk shekara. Wani ma ubansa mai gadi ne a rukunin gidajen da ke tafiyar ƙafa daga ƙofar cibiyar, ko mai tura ruwa, ko mai shayi a bakin titin. Yana wuce ƙofar safe da yamma, bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗansa ma na da rabo a wurin ba. Akwai yaron da ya kai shekara goma sha biyu a birnin da ke bakin teku bai taɓa ganin teku ba. Rashi ne babba, kuma ba gwamnati kaɗai za a ɗora wa ba.

Na san abin da uba zai ce in aka kawo masa takardar neman izini. "Malam, biri za a je gani? Biri ai ko a ƙauyenmu akwai shi. Kuɗin nan gara in ƙara a na littafi." Maganarsa na da nauyi, musamman yanzu da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a 2023. In biri kawai za a je gani, ya riƙe kuɗinsa, yana da gaskiya. Amma littafin kimiyyar da yake son saya, a cikinsa akwai babin ruwa da ƙasa da tsirrai da yadda halittu ke dogaro da juna, yaron kuma haddace shi yake yi don jarrabawa ya manta. Yini ɗaya a wurin da abin ke faruwa a gaban idonsa shi ke sa babin ya zauna. Malaman Islamiyya kuwa ba sai na tuna musu matsayin duban halittar Allah da tunani a kanta ba, su suka koya mana. Roƙona shi ne a fito da wannan karatu daga cikin aji ko da sau ɗaya a shekara, yara mata da maza, da malamai mata a tare, a tsara tafiyar yadda za a yi azahar a kan lokaci, a ɗauki abinci daga gida. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya gagara.

Tsoro shi ne ƙorafin da ba na wasa da shi. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Kuriga a 2024, ba za a zarge su ba in gabansu ya faɗi da jin za a kwashi yara a mota. Legas ma ba ta tsira ba: a watan Mayun 2017 an sace ɗalibai shida a makarantar gwamnati ta Igbonla a yankin Epe, ta ruwa aka shigo, ta ruwa aka fita da su. Sai dai a lura, duk waɗannan a cikin makaranta aka same su. Haɗarin fita irin ta Lekki daban ne, kuma kusan dukansa a hannunmu yake: motar da birkinta bai da kyau, direba mai gudu, cusa yara tamanin a motar mutum talatin, malami ɗaya a kan aji guda, yaron da aka manta a banɗaki. A duba mota tun ana gobe tafiya, a rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar gidansu, a ƙirga su duk inda aka sauka da duk inda aka hau, a tafi da iyaye biyu ko uku, a tashi da sassafe a dawo kafin rana ta yi sanyi. Hana yaro fita bai raba shi da haɗari ba, tunda kullum shi kaɗai yake tsallaka titin Agege.

Hanyar ma kanta aji ce. Motar da ta taso daga Agege za ta hau Third Mainland, yara su ga tafki shimfiɗe hagu da dama, da gidajen Makoko da aka kafa a kan turaku cikin ruwa, da kwale-kwalen masunta da na masu haƙo yashi. Malami ya nuna musu yashin, ya ce nan gaba kaɗan za su ga inda ake kai shi. In da sauran lokaci bayan an fito daga cibiyar, a gangara da su bakin teku su tsaya daga nesa su kalla, ban da shiga, domin igiyar ruwan Legas na ja da ƙarfi, ta ci manyan da suka iya iyo. A can ne za a ba su labarin Bar Beach, inda iyayen wasunsu suka yi yawon salla. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Da aka tare shi sai ya taru ta yamma, teku kuma ya riƙa cin gaɓar gabas ba mai mayar mata. Haka Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekaru da dama, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello, daga baya aka cike wurin aka kafa Eko Atlantic da katangarta. Can gabas kuma, a Okun Alfa, teku ya ci gidaje da hanya da itatuwan kwakwa a idon mutanen da ke raye yau. Yaron da ya ji wannan yana tsaye a kan yashin zai fahimci cewa aikin da aka yi a bakin ruwa yana iya bin jikokin da ba a haifa ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan zancen mutanen Ikko ne, amma akwai inda ya shafe shi. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, a bayanta kuma, musamman a Neja Delta, akwai dajin mangurof mafi girma a Afirka, wato bishiyoyin da ke rayuwa cikin laka a inda ruwan gishiri ke haɗuwa da na kogi. A tsakanin saiwoyinsu kifi da ƙaguwa da jatan lande ke tasowa, busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari kuma daga irin waɗannan ruwaye yake fitowa. Malalar mai ta kashe ɗimbin wannan daji, har rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Arewa ma tana da tata fadamar da ke ja baya. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka su yi hunturu, ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Makarantun Gashuwa da Nguru na da mafakar tsuntsaye ta Dagona kusa da su, kamar yadda yaran zangon Nima da Ashaiman a Gana ke da tafkin Sakumo tsakanin Akra da Tema. Yara nawa ne aka kai?

Cibiyar ta Lekki ƙaramin wuri ne, in aka cika shi da hayaniya kullum abin da aka je gani zai gudu. Don haka a taƙaita ga 'yan aji biyar da shida, a je ranakun aiki da ba cunkoso, kowace makaranta aji ɗaya a rana. Akwai kuma Lufasi can gaba a kan titin, wani ɗan dajin da aka killace, wanda zai iya ɗaukar wasu. Amma ƙanƙantar wuri ba za ta zama hujjar da ɗan mai kuɗi zai je sau uku kafin ya gama firamare, ɗan mai gadi bai je ko sau ɗaya ba.

Batun kuɗi bai kai girman da muke ba shi ba. Al'ummar da ke ɗaukar nauyin musabaƙa da walimar sauka, take cika motoci zuwa ɗaurin aure har Zariya, ba za ta gaza hayar bas ɗaya ta kai aji ɗaya Lekki ta dawo da shi ba. Shugabannin kasuwar Mile 12 da na Alaba Rago, da fadar Sarkin Hausawan Agege, da ƙungiyoyin direbobi da motocin ke hannunsu, in suka sa wannan cikin abin da suke yi wa makarantun unguwa duk shekara, magana ta ƙare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas ita ma tana da nata kason: ta ɗauki irin wannan fita a matsayin karatu, ta horar da malamai a kai, ta daidaita da NCF a kan kuɗin shigar makarantun gwamnati. Kamfanonin da suka gina rukunin gidaje a kan fadamar da aka cike kuwa, biyan kuɗin shigar 'ya'yan masu yi musu gadi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya hau kansu.

Kada kuma tafiyar ta ƙare a ranar. Mako na zagayowa malami ya fita da ajin su kewaya makarantarsu, su bi kwata daga bakin ƙofa su ga inda ta nufa da inda ta tsaya, su zana taswira a takarda, su sa alama duk inda ruwa ke kwana. Kowane yaro ya je wurin dattijon da ya fi daɗewa a layinsu ya ce, "Baba, me ke nan wurin kafin a gina gidajen nan?" A unguwanni da yawa za a ce masa rafi ne, ko fadama, ko gonar goro. Su rubuta abin da aka gaya musu, a haɗa da taswirar, shugaban makaranta ya kai wa kansilan mazaɓa kafin damina ta dawo. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne watan Nuwamba, sa'ad da ruwan sama ya ja baya, katako ya daina santsi, fadama kuma ba ta janye ba tukuna. Sai ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna a kan maganar tun makon da aka koma makaranta a Satumba, a aika wa cibiyar takarda a tsayar da rana, malamin da zai jagoranta kuma ya je ya ga wurin da idonsa kafin a karɓi kuɗin kowa.